Tuddan Vestfold: 'yar ƙasar da ƙanƙara ta saki a Antaktika

Da an ambaci Antaktika, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne fari fat iya ganin ido, kuma haka abin yake. Nahiyar ta kai murabba'in kilomita miliyan 14, kaurin ƙanƙarar da ta lulluɓe ta ya kusa kilomita 2 a tsaka-tsaki, a wasu wuraren ma ya haura 4. Wurin da mutum zai sa ƙafa ya ji dutse ko tsakuwa a ƙarƙashin takalminsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A cikin wannan ɗan abin da ya tsira ne tuddan Vestfold suke, a gaɓar gabashin nahiyar, ta ɓangaren da ke kallon Tekun Indiya.

Tuddai ne gajeru, mafi tsayinsu bai wuce mita 160 ba, faɗinsu kuma kimanin murabba'in kilomita 400. Teku ta kutsa cikinsu ta dogayen mashigai masu lanƙwasa, ta raba su gida uku, waɗanda taswira ta kira Long da Broad da Mule. Daga kudu kogin ƙanƙara na Sørsdal ya yi musu iyaka, daga gabas kuma tudun ƙanƙarar nahiyar ne ya taso, ya yi ta hawa har tsakiyar Antaktika. Babu bishiya, babu ciyawa. Sai dutse ruwan ƙasa, da tafkuna sama da 300, da wasu baƙaƙen layuka da suka ratsa tuddan miƙe sambal, kamar wani ya ɗauki gawayi ya yi ta ja wa ƙasa layi. Wani layin zai hau tudu ya gangara, ya nutse cikin tafki, ya ɓullo a ɗaya gaɓar, ya ci gaba abinsa ba tare da ya karkata ba.

Dutsen ruwan ƙasan nan ya kai shekara biliyan 2.5, yana cikin tsofaffin duwatsun nahiyar. Baƙaƙen layukan kuwa narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa a lokuta daban-daban, sama da shekara biliyan 1 da suka wuce, ya cika tsagogi ya daskare. Inda layi ya yanke wani layin, masanin duwatsu ya san wanda ya yanke shi ne ƙarami a shekaru. Da haka ake karanta tarihin wurin, kuma da irin wannan karatu ne aka ƙara tabbatar da cewa wannan gefen na Antaktika ya taɓa zama manne da gabashin Indiya, kafin su rabu kimanin shekara miliyan 130 baya.

To me ya hana ƙanƙara rufe wurin, alhali ta rufe komai a kewayensa? A da ta rufe shi. Sama da shekara 10,000 da suka wuce, da duniya ta fita daga zamanin tsananin sanyi na ƙarshe, sai ta ja da baya. Abubuwa da dama suka taru suka hana ta dawowa. Ƙanƙarar da ke gangarowa daga cikin nahiyar tana samun hanya mai sauƙi ta kwarin Sørsdal, sai ta bi ta can ta faɗa teku. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a wurin kaɗan ce ƙwarai, domin Vestfold hamada ce ta gaske, sanyi ne kawai ya bambanta ta da sauran hamadu, kuma ɗan abin da ya sauka busasshiyar iska ke kwashe shi. Sai kuma launin dutsen. Farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, dutse mai duhu kuwa shanye shi yake yi ya ɗumama, ya narkar da abin da ke kusa da shi. Da zarar dutse ya leƙo, shi da kansa ke tsare wa kansa fili.

Tafkunan su ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan wuri, kuma su suka sa masana ke ta komawa can. Labarinsu ya faro ne daga nauyi. Ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mita tana danne ɓawon ƙasa ya lotsa, kamar yadda katifa ke lotsawa a ƙarƙashin mai barci. Da ta janye, teku ta riga ƙasar tashi, ta kwararo ta cika kwaruruka. Kimanin shekara 6,000 zuwa 7,000 baya, ruwan teku yana kaiwa kusan mita 9 sama da inda yake tsayawa yau, har yanzu kuma ana ganin tsofaffin gaɓoɓin, da ɓawon dodon koɗi na teku, a kan busasshiyar ƙasa. Sannu a hankali ƙasar ta miƙe, bakin kwaruruka ya rufe, ruwan teku ya maƙale a ciki ba hanyar fita.

Daga nan kowane tafki ya kama gabansa. Wanda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke ratsawa ya wanke gishirinsa ya zama ruwan daɗi, kamar tafkin Crooked da na Druzhby da ke kusa da gefen ƙanƙara. Wanda kuma babu abin da ke shigarsa, iska ta yi ta tsotse ruwansa, gishirin ya yi ta taruwa. Gwarzon irin waɗannan shi ne wanda ake kira Deep Lake, wato tafki mai zurfi. Ya ƙafe har saman ruwansa ya koma kimanin mita 50 ƙasa da saman teku, duk da haka akwai sauran zurfin mita 36. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. A Deep Lake ya kai wajen 270. Saboda haka ba ya daskarewa. A tsakiyar hunturu, lokacin da teku kanta ta zama daɓe har ana tuƙa motoci a kanta, ruwan wannan tafki yana nan yana motsi, alhali sanyinsa ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Kuma akwai rai a ciki. Wasu ƙananan halittu masu son gishiri, waɗanda ido ba ya gani, sun mai da shi gida, suna girma a hankali ƙwarai, suna musayar ƙwayoyin gado a tsakaninsu fiye da yadda aka saba gani. Masu neman alamar rai a duniyar Mas suna bibiyar irin wannan bincike, domin idan akwai ruwan da bai daskare ba a can, mai yiwuwa irin wannan ne, mai gishiri da tsananin sanyi.

Akwai kuma wani rukuni da ruwansu ya kasu hawa-hawa, ba ya gaurayuwa. Ruwa mai gishiri ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, mai sauƙin gishiri ya zauna a samansa, murfin ƙanƙara kuma ya hana iska kaɗa su mafi yawan shekara. Tafkin Ace ke nan, mai zurfin mita 25. Mai bincike zai huda ƙanƙarar da ke samansa ya zura kwalbar ɗiban ruwa da igiya. Daga mitocin farko zai ciro ruwa garau mai iskar shaƙa. Da ya kai wajen mita 12 ko 13, kwalbar za ta fito da ruwa kore shar, saboda cincirindon wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa a kan ɗan hasken da ya saura da sinadarin farar wuta. Ƙasa da nan babu iskar shaƙa ko kaɗan, ruwan wari yake kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Duniya uku a cikin rami ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin wata da wata ba ta wuce tsawon hannu ba. Vestfold na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan irin waɗannan tafkuna a waje guda. Tunda duk daga teku ɗaya suka fito, kowanne kuma ya ɗauki hanyarsa, sai suka zama tamkar gwajin da aka fara shekaru dubbai da suka wuce, aka bar wa masana su zo su karanta sakamako.

A yankin Mule akwai wani fili da ake kira Marine Plain. Ƙasarsa laka ce mai laushi, ta tsohon gindin teku, mai shekara kimanin miliyan 4. A cikinta aka tono ƙasusuwan wani nau'in dolfin, dabbar teku dangin wel, da ba a taɓa sani ba, marar haƙora, wanda aka raɗa wa suna Australodelphis mirus. Shi da sauran halittun da ke kwance tare da shi suna nuna cewa a wancan zamani tekun wurin ta fi ta yau ɗumi, ƙanƙarar kuma tana can baya. Ga masu son sanin yadda ƙanƙarar gabashin Antaktika za ta yi idan duniya ta ƙara zafi, wannan fili shaida ce da ba ta da madadi. Shi ya sa aka killace shi, ba a shiga sai da takardar izini.

Waɗanda suka fara taka wurin ba ilimi ya kai su ba, mai ya kai su. A shekarun 1930 'yan Norwe ne kan gaba wajen farautar wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake narka kitsenta a tatsi mai. Wani attajiri daga garin Sandefjord, Lars Christensen, yana da jiragen wannan sana'a, kuma yakan umarci kyaftin-kyaftin ɗinsa su riƙa leƙa gaɓar da ba a sani ba idan hanya ta buɗe. Ranar 20 ga Fabrairun 1935, jirgin dakon mansa mai suna Thorshavn, ƙarƙashin kyaftin Klarius Mikkelsen, ya hango duwatsu tsirara. Suka sauke ƙaramin kwalekwale suka isa gaɓa, suka kafa tutar Norwe, suka tara tulin duwatsu, suka ci ɗan abinci suka koma. Mikkelsen ya sa wa tuddan sunan Vestfold, lardin da Sandefjord take, ya kuma sa wa gaɓar sunan matar maigidansa, Ingrid Christensen.

A cikin kwalekwalen akwai matar kyaftin, Caroline Mikkelsen, haifaffiyar Denmak, 'yar shekara 28. Shekara da shekaru ana rubuta ta a matsayin mace ta farko da ta taka nahiyar Antaktika. Ita kuwa ba ta ɗauki abin da girma ba. Mijinta ya rasu a 1941, ta sake aure, ta ja bakinta ta yi shiru, har sai a 1995 da Diana Patterson, shugabar Davis a lokacin, wato tashar binciken Ostireliya da ke tuddan, ta sa aka nemo ta a Norwe. Daga baya masana 'yan Ostireliya suka nuna cewa tulin duwatsun yana kan tsibirin Tryne ne, ɗan nesa kaɗan da gaɓar nahiyar. Bisa wannan ƙididdiga, mace ta farko da ta taka nahiyar kanta ita ce Ingrid Christensen, a wani dutse da ake kira Scullin, ranar 30 ga Janairun 1937. Ni dai ban ga abin da wannan gyara ya rage wa Caroline ba. A zamanin da ake ganin ƙetaren can ba wurin mata ba ne, ta shiga ƙaramin kwalekwale a tsakanin ɓallayen ƙanƙara ta sauka a gaɓar da ba wanda ya taɓa saukarta, kuma sandar tutar da suka kafa tana nan a tsibirin, an sa ta cikin wuraren tarihi da yarjejeniyar Antaktika ke karewa.

Sai dai Norwe ta sa suna ne kawai. Tun 1933 Birtaniya ta miƙa wa Ostireliya iƙirarin mallakar wani makeken yanki, kusan kashi 42 cikin 100 na nahiyar, kuma Vestfold na ciki. A Janairun 1939 wani abu ya faru da ke nuna yadda ake wawason wurin a lokacin. Jirgin ruwa mai suna Wyatt Earp ya iso ɗauke da abokai biyu, attajirin Amurka Lincoln Ellsworth da ɗan Ostireliya Hubert Wilkins. Ellsworth ya tashi da ƙaramin jirgin sama ya nausa cikin nahiyar, ya jefa takardar iƙirarin mallaka da sunan Amurka. Wilkins kuwa ya sauka a gaɓa ya ɗaga tutar ƙasarsa, ya rubuta tasa takardar ya sa a gwangwani, ya ajiye tare da kwafin wata mujallar Ostireliya mai suna Walkabout. Jirgi ɗaya, tuta biyu. An gano ajiyar tasa a 1957, kuma har yau sunan wurin Duwatsun Walkabout.

Taswirar farko daga hotunan sama ta fito, na ayarin Christensen a 1936 zuwa 1937, da na sojin ruwan Amurka a 1947. Wanda ya mai da wurin mazauni shi ne Phillip Law, shugaban sashen Antaktika na Ostireliya. Ya leƙa tuddan a tsakiyar shekarun 1950, ya ga Tarayyar Sobiyet ta kafa tashar Mirny a gaɓar gabas a 1956, ya san idan ya yi sanyin jiki wani zai riga shi. Sunayen Rashanci da ke kan wasu tafkunan, irin su Druzhby da Zvezda, shaida ne cewa 'yan Sobiyet ɗin sun zazzaga wurin. Ranar 13 ga Janairun 1957 aka buɗe tashar Davis, da sunan John King Davis, kyaftin ɗin da ya tuƙa jiragen masu binciken Antaktika Shackleton da Mawson. An rufe ta a 1965, aka sake buɗewa a 1969, tun daga nan ba ta sake zama kango ba. Yarjejeniyar Antaktika, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu a 1959, ta jingine duk wani iƙirarin mallaka, ba ta amince da shi ba, ba ta kuma soke shi ba. Don haka kowace ƙasa ta gane cewa zama a wurin shi ne hujja. Kimanin kilomita 100 da 'yan kai kudu maso yamma, a tuddan Larsemann, Rasha da Sin da Indiya kowacce tana da tasharta.

A nan ne matsalar take. Abin da ya sa Vestfold ta dace da gini, shi ne ya sa duk wani mai rai a yankin ke buƙatarta. Tsuntsun fengwin nau'in Adélie ba ya ƙwai a kan ƙanƙara, sai ya sami ƙasa ya tara 'yan tsakuwoyi ya yi sheƙa, kuma dubbansu ne ke cika tsibiran da ke gaban Davis kowace bazara. Wani farin tsuntsun teku, fari tas kamar dusar ƙanƙarar, a tsagogin dutse yake ɓoye ƙwansa. Manyan dabbobin tekun nan masu hanci kamar na giwa suna hawowa bakin gaɓar tashar su kwanta makonni suna saɓa. Gansakuka, wadda ita ce kusan duk tsiron da ke akwai, girmanta a shekara bai taka kara ya karya ba, kuma sawun mota a irin wannan ƙasa yakan yi shekaru aru-aru bai goge ba. Ƙasa kaɗan ce, masu nema da yawa, kuma mafi yawan gine-ginen ɗan Adam a nahiyar suna kan irin wannan 'yar ƙasar da ƙanƙara ta saki ne.

A 2018 gwamnatin Ostireliya ta ce za ta gina titin saukar jirage na siminti mai tsawon kilomita 2.7 kusa da Davis, irinsa na farko a gabashin Antaktika, wanda zai yi aiki rani da hunturu. Hujjarta ba ta banza ba ce. Titin da take da shi, na Wilkins kusa da tashar Casey, a kan ƙanƙara yake, ba ya aiki da hunturu, a tsakiyar bazara ma yakan yi laushi a dakatar da sauka. Daga birnin Hobart na Ostireliya zuwa Davis kusan kilomita 4,800 ne, tafiyar kwanaki da dama a jirgin ruwa. Idan wani ya kwanta rashin lafiya mai tsanani a watan Yuli, tsakiyar hunturun can, fitar da shi jan aiki ne. Ga kuma batun gasa da sauran ƙasashe, wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba amma kowa ya san yana nan.

Amma da aka baje abin da aikin zai ci, sai jiki ya yi sanyi. Sai an fasa tuddai da nakiya, a cike kwaruruka, a kawo dubban falalen siminti ta teku, kowanne mai nauyin tan 10 ko fiye, a girke ɗaruruwan ma'aikata shekara da shekaru, aikin ba zai ƙare ba sai wajen 2040. Ƙura za ta tashi ta sauka a tafkunan da darajarsu duka ita ce ba a taɓa su ba. Jirage za su riƙa wucewa ta kan sheƙunan tsuntsaye. Masana da dama, har da waɗanda titin zai sauƙaƙa wa aiki, suka fito suka ce a'a. A Nuwamban 2021 ministar muhalli, Sussan Ley, ta sanar da cewa an fasa, saboda tsada da tsawon lokaci da ɓarnar da za a yi wa muhalli. A farkon 2022 gwamnati ta ware dalar Ostireliya miliyan 804 na shekara 10 don wasu hanyoyin, irin su jirage marasa matuƙi da jirage masu saukar ungulu da ayarin motocin ratsa ƙanƙara.

A ganina an yi daidai. Ƙa'idar kare muhalli ta Madrid, wadda aka ƙulla a 1991 ta fara aiki a 1998, ta kira Antaktika wurin da aka keɓe don zaman lafiya da ilimi, kuma Ostireliya na cikin waɗanda suka yi tsayin daka har aka samar da ita. Da ta rushe tuddan nan, da wace fuska za ta hana wata ƙasa yin irin haka a Larsemann ko a wani wurin? Titin ƙanƙara idan an bar shi, dusar ƙanƙara za ta binne shi kamar ba a yi ba. Tudun da aka fasa kuwa ya fasu ke nan.

Fasa aikin yana da farashi, kuma mutane ne ke biya. Har yanzu mai zuwa Davis ko dai ya bi jirgin ruwan fasa ƙanƙara, Nuyina, ko ya sauka a Wilkins ya hau ƙaramin jirgi mai ƙafafun sulɓi, wanda zai sauke shi a kan daskararriyar teku ko a can saman tudun ƙanƙara. Idan bazara ta ƙare jirgin ƙarshe ya tafi, mutum kimanin 20 ke saura, likita ɗaya a cikinsu, da masu gyaran inji da lantarki da masu auna yanayi. Daga farkon Yuni rana za ta faɗi, ba za ta sake leƙowa ba sai bayan fiye da wata guda. A cikin wannan duhun, kilomita kaɗan daga ɗakunan kwanansu, ruwan Deep Lake yana nan bai daskare ba.